Garkuwar da Tesla ta ƙara wa Model S, da wadda mai mota ke ɗaura wa kansa

Ranar 1 ga Oktoba, 2013, wata Tesla Model S, motar lantarki, tana tafe a babbar hanya kusa da garin Kent, a jihar Washington ta Amurka, sai ta taka wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya ɓalle daga jikin tirela. Da ƙarfen a kwance yake, da motar ta bi ta kansa an ji ƙara, an ga karce, shi ke nan. Lanƙwasar ce ta jawo masifa. Ƙarshensa ɗaya ya dafe kwalta, ɗayan ya ɗago sama, gudun motar da nauyinta suka tura shi ciki kamar mashin da aka kafa. Bayanin da Elon Musk, shugaban kamfanin Tesla, ya fitar bayan 'yan kwanaki ya ce ƙarfin sukan ya kai kimanin tan 25, kuma ya huda rami mai faɗin inci uku a farantin da ke ƙasan batir, farantin da kaurinsa rubu'in inci ne, wato wajen milimita shida.

Motar ta gargaɗi direban ya tsaya. Ya sauka gefen hanya, ya fita da ƙafafunsa, sannan wuta ta tashi a gaba. Ba ta shiga inda mutane ke zama ba. Amma wani mai wucewa ya ɗauki bidiyo, bidiyon ya zaga intanet, hannun jarin kamfanin ya faɗi, kuma daga ranar duk mai niyyar sayen motar lantarki ya san akwai wani abu a shimfiɗe ƙarƙashin ƙafafunsa da ba ya son huda.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a waiwaye shi: cikin wata shida kamfanin ya yi abu biyu a jere. Ya sake rubuta garantinsa, ya kuma ƙara ƙarfe a ƙasan motocin da ya riga ya sayar. Yau masu motocin lantarki da dama suna ƙara ƙarfen da kansu, su sayo faranti a kasuwa su ɗaura, alhali babu wanda ya sake rubuta musu garanti.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

Babban batirin Model S na wancan lokaci, mai kilowat-awa 85, shimfiɗaɗɗen akwati ne da ya cinye kusan duk tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin batir sama da 7,000 na kamfanin Panasonic, an raba su ɗakuna 16 da shinge a tsakani, ga bututun ruwan sanyaya yana ratsa su. Ajiye shi a ƙasa dabara ce mai kyau, domin nauyi ya sauka, mota ta zauna daram a kwana, da wuya ta wuntsila. Sai dai hakan na nufin abu mafi tsada a jikin motar shi ne mafi kusa da kwalta.

Ƙwayar batirin litiyam ba ta jure huda. Tsakanin ɓangarorinta biyu akwai wata siririyar leda. In ledar ta yage ɓangarorin suka taɓa juna, sai lantarki ya bi gajeriyar hanya, zafi ya tashi, ya narka ledar ƙwayar da ke maƙwabtaka, ita ma ta kama. Haka abin ke ci har sai shinge ya tare shi ko abin ci ya ƙare. A Kent shingen ya yi aikinsa, wutar ta tsaya a gaba, ko da yake ta ba 'yan kwana-kwana aiki: sun zuba ruwa ta lafa, ta sake tashi, sai da suka huda akwatin suka kai ruwa can ciki.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki wata Model S ta kama wuta a Merida ta ƙasar Meziko, amma wannan gudu ne ya wuce misali, motar ta fasa bango ta daki bishiya. Ta ukun ce ta tayar da hankali. Ranar 6 ga Nuwamba, a babbar hanya a jihar Tennessee, wata Model S ta taka ƙugiyar jan tirela mai kawuna uku da ta faɗo a tsakiyar titi. Labarin Kent ya maimaitu kusan kalma da kalma: duka daga ƙasa, gargaɗi, direba ya fita lafiya, wuta a gaba. Gobara uku ke nan cikin ƙasa da mako shida. A tsakiyar watan hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike kan motoci sama da 13,000, ta mai da hankali kan biyun da tarkacen hanya ya huda.

Matakan Nuwamba

Kariyar farko da Tesla ta ƙara iska ce, wato ƙarin tazara tsakanin mota da ƙasa. Motocin da ke da shokozoba masu aiki da iska sukan ɗan durƙusa da kansu idan suka hau babbar hanya, don su rage jan iska su ƙara nisan tafiya. Kamfanin ya aika da gyaran manhaja ta intanet, ya hana su durƙusawar. Masu motoci sun kwana da mota ɗaya sun tashi da wata mai ɗan tsayi, wasunsu sun yi gunaguni cewa an cire musu abin da suka biya kuɗinsa ba tare da shawara ba, daga baya aka mayar wa direba da ikon zaɓa. A riƙe wannan batu na tazara tsakanin mota da ƙasa, zai dawo a gaba.

Kamfanin ya kuma ce shi ya roƙi NHTSA ta yi bincike. Hukumar ta ce ita ta yanke shawarar da kanta. Kowa ya tsaya kan bakansa, a wuce wurin.

Mataki na uku shi ne na garanti, kuma ba za a gane girmansa ba sai an raba garanti da inshora, abin da mutane da yawa ba sa yi sai ranar da suka tsaya gaban teburin dila. Garanti alkawari ne kan aikin masana'anta: in kayan da muka yi amfani da su ko yadda muka haɗa su ne suka gaza, mu za mu biya. Abin da hanya ta jawo, karo, dutse, ƙarfe, ambaliya, na inshora ne, kuma takardun garanti na motoci sukan jera su ɗaya bayan ɗaya cikin abubuwan da ba ruwansu da su. A bisa wannan tsari, motar Kent da ta Tennessee ba su da abin da za su nema a wurin Tesla. Babu abin da ya lalace da kansa, abu suka taka.

Tesla ta matsar da wannan iyaka. Ta sanar cewa garantin zai ɗauki ɓarnar gobara ko da kuskuren direba ne, in dai ba da gangan mutum ya nemi lalata motar ba. Hujjar Musk ita ce: ko dai yardar da suka yi da motar gaskiya ce, abin da za a biya kaɗan ne, ko kuma sun yi kuskure, to ya dace kamfani ya ɗauki asarar maimakon mai saye. Talla ce, ba shakka, amma talla ce da aka sa hannu a ƙarƙashinta. A lura kuma da iyakarta. Gobara aka ambata. Akwatin batir da ya lotsa bai kama wuta ba yana nan a hannun inshora.

Garkuwa uku

Ranar 28 ga Maris, 2014, Tesla ta sanar cewa duk Model S da aka ƙera daga 6 ga watan tana fitowa da garkuwa uku a ƙasa, kuma tsofaffin za a ɗaura musu kyauta, ko mai mota ya nema ko a yi lokacin da ya kawo ta gyaran da aka saba. Jaridu sun fi riƙe kalmar titaniyam saboda tana da daɗin faɗi, har mutane da yawa suka ɗauka an lulluɓe batirin gaba ɗaya da titaniyam. Ba haka aka yi ba, kuma abin da aka yi ya fi wannan wayo.

Ta farko sanda ce ta alminiyam, zagayayya, mai rami a ciki, an gindaya ta a gaban batir. Aikinta ta karkatar da abu, in kuma abin ya ƙi karkata, irin ƙugiyar nan mai kawuna uku da ko ta yaya ta faɗi sai wani kai ya kalli sama, sai ta tilasta masa ya miƙe tun bai kai ga batir ba, ya huda murfin roba da but ɗin gaba. Wato an zaɓa wa ɓarnar wurin da za ta sauka, wurin da babu ƙwayar batir ko ɗaya. Ta biyu ita ce farantin titaniyam, yana kare kayan da ke ƙasan gaban motar, yana kuma farfasa abin da ya wuce sandar. An zaɓi titaniyam domin nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na nauyin ƙarfe ba, ga ƙarfi, ga shi ba ya tsatsa. Ta uku dunƙulallen alminiyam ne mai ɗan gangara, wanda in abu ya gagari biyun farko yakan sa motar ta hau ta kansa ta wuce.

Kamfanin ya ce ya yi gwaji 152 da motoci sukutum, ya nuna bidiyon mota tana taka bulon kankare da altaneta da ƙugiyar jan tirela, ya ce garkuwoyin sun rage nisan tafiya da kashi 0.1 cikin ɗari kacal. A daidai lokacin NHTSA ta rufe bincikenta. Ta ce ba ta gano wani aibu mai maimaituwa ba, ta ce ƙarin tazara da ƙarin kariya ya kamata su rage yawan duka da haɗarin gobara, ta kuma ƙara jimlar da ta saba, cewa rufe bincike ba shaida ba ce cewa babu aibu. Ba a ba da umarnin dawo da motocin don gyara a hukumance ba.

Ba Tesla ta fara irin wannan ba. A 2011 wata Chevrolet Volt, mota mai babban batir ta kamfanin General Motors, da NHTSA ta yi gwajin karo da ita ta kama wuta bayan mako uku tana ajiye, saboda akwatin batir ya fashe ruwan sanyaya ya zuba. A Janairun 2012 General Motors ta kira masu Volt su kawo a ƙara ƙarfe kewaye da batirin, a sa na'urar lura da ruwan sanyaya, kyauta. A duka lamuran biyu hannun da ya zana garkuwar, da wanda ya gwada ta, da wanda ya ɗaura, da wanda zai biya in batir ya mutu, hannu ɗaya ne. Tambayar garanti ba ta ma taso ba, don babu wanda zai nuna wa wani yatsa.

Mai faranti daga kasuwa

Yanzu a ɗauki mutumin da ya ji wannan labari, ko wanda dutse ya taɓa buga ƙasan motarsa sau ɗaya gabansa ya faɗi. Kamfanin motarsa bai fitar da wata garkuwa ta ƙari ba, amma akwai masu sayar da farantan alminiyam da na ƙarfe da aka yanka daidai ƙirar motarsa. Batirinsa na da garantin da yawancin kamfanoni ke bayarwa, shekara takwas ko mil 100,000, wato kilomita 160,000. Tsoronsa ba na banza ba ne. A ƙarshen 2023 labarin wata Hyundai Ioniq 5 a yammacin Kanada ya zaga duniya: ta taka wani abu a hanya, murfin ƙasan batir ya samu rauni, dila ya ce sai an canza batirin gaba ɗaya a kan kuɗin da ya kai dalar Kanada 60,000, fiye da kuɗin motar sabuwa, inshora ta ce motar ta tashi aiki. Wanda ya ji wannan ya ga farantin da bai kai ko kusa da wannan kuɗi ba, dole ransa ya biya.

Tambayarsa ɗaya ce: in na ɗaura, garantina ya tashi?

A Amurka amsar doka ita ce a'a, ba haka kawai ba. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ce ke magana a nan. Ta ci sunan Sanata Warren Magnuson na jihar Washington da ɗan majalisa John Moss na Kalifoniya. Dokar ta hana kamfani ya ɗaure garantinsa da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa, sai fa in kyauta yake bayarwa. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fassara ta da cewa ganin kayan wani kamfani a jikin mota bai isa a soke garanti ba, sai an nuna cewa kayan ko yadda aka ɗaura su ne suka jawo lalacewar. A 2018 ma ta rubuta wa kamfanoni shida, har da Hyundai, tana gargaɗinsu kan kalaman garanti da suka saɓa wa wannan. A Tarayyar Turai akwai ƙa'ida mai lamba 461/2010 da ke kare 'yancin mai mota ya kai ta garejin da yake so, an kuma tsawaita ta zuwa 2028.

Masu sayar da faranti suna son ambaton wannan doka, kuma ba ƙarya suke yi ba. Rabin maganar kawai suke faɗi. Wanda ya canza rediyo, injin goge gilashi ya mutu, dila ba shi da bakin magana, don babu igiyar da ta haɗa biyun. Shi kuwa farantin batir a jikin batirin yake ɗaure, ko a kan kusoshin da ke riƙe da shi. Duk wata lalacewa da ta taso a batir, akwai hanyar da za a bi a danganta ta da farantin, kuma wasu hanyoyin gaskiya ne.

A fara da kusoshi. Kusoshin da ke ɗaure akwatin batir da jikin mota suna da ma'aunin ƙarfin da ake ɗaure su, wasunsu sau ɗaya ake amfani da su a jefar. In faranti ya shiga tsakani, ko dai kusar asali ta gajarce ba ta kama zare sosai ba, ko an sa mai tsayi wadda za ta iya taɓa abin da bai kamata ba. In kuwa bakanike ya ɗauki injin huda, magana ta ƙare tun a nan, domin akwatin a rufe yake ruf don kada ruwa ya shiga, kuma huda shi na cikin abubuwan da takardun garanti suka saba haramtawa.

Sai abin da ke faruwa a hankali, wanda a ganina ya fi haɗari saboda ba a jin ƙararsa. Tsakanin faranti da akwati akwai 'yar tazara. Laka takan shiga, tsakuwa takan maƙale, a ƙasashen sanyi ga gishirin da ake watsawa a titi. Wurin da a da yakan jiƙe ya bushe cikin awa ɗaya yanzu zai kwana da danshi. In farantin ƙarfe ne akwatin kuma alminiyam, ga ruwan gishiri a tsakani, an haɗa ƙaramin batir ke nan ba da niyya ba, kuma alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Tsakuwar da ta maƙale kuwa, girgizar tafiya za ta yi ta goga ta a wuri ɗaya wata da watanni. Bayan shekara uku danshi ya shiga akwati, kwamfutar mota ta ga lantarki na yoyo zuwa jiki, ta ƙi tashi. Irin wannan lalacewa ce garanti ke biya ba gardama a motar da ba a taɓa ba.

Batun zafi ana yawan ambatonsa, amma ba a kowace mota yake da nauyi ɗaya ba. Batirin da ruwa ke sanyaya shi bai dogara sosai da iskar ƙasa ba. Irin na Nissan Leaf ta farko, wadda ba ta da ruwan sanyaya batir, ta jikin akwati yake zubar da zafinsa, lulluɓe shi wani abu ne daban. Abin da ya shafi kowa shi ne ƙofofin fitar hayaƙi. Akwatin batir na da bawul da ke buɗewa in ƙwaya ta kama, don hayaƙi mai zafi ya bi hanyar da aka tsara masa, nesa da mutane. Farantin da ya toshe ko ya karkatar da wannan hanya ya taɓa abin da ya fi kuɗi.

Ga kuma tazarar nan da aka ce a riƙe. Matakin farko na Tesla ɗaga mota ne. Farantin kasuwa kuwa saukar da ita yake yi, da kaurinsa da kawunan kusoshinsa da tazarar da aka bari, sai abin da a da za a wuce ta samansa yanzu a taka shi. Nauyi ma ba wasa ba ne: farantin ƙarfe mai tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya da rabi, kaurin milimita uku, ya kai kilo 70, fasinja ne da ba ya sauka. Kuma faranti mai tauri ba ya shanye duka, miƙa shi yake yi zuwa inda aka ɗaure shi. Dukan da da zai lotsa tsakiyar murfi yana iya komawa gefen akwati, inda hatimin roba yake. Injiniyoyin Tesla sun yi gwaji 152 ne don su san inda ƙarfin zai tafi. Mai sayar da faranti yakan nuna guduma tana dukan faranti a kan tebur.

Gaban teburin dila

A takarda, nauyin kawo hujja na kan kamfani. A zahiri, motar na kan na'urar ɗagawa a garejinsu, bakanikensu ne ya leƙa ƙasa, kuma tambayar farko ita ce, "Yallabai, wa ya ɗaura maka wannan?" Ya ɗauki hoto, ya rubuta cewa an yi wa mota gyaran da kamfani bai amince da shi ba kuma akwai alamar danshi a wurin, ya aika sama. Amsa ta dawo cewa ba za a biya ba. Daga nan mai mota ne zai nemi injiniya mai zaman kansa, ya biya shi, ya nemi lauya ko ya shiga sulhu, motar kuma tana ajiye. Doka na tare da shi, amma sai ya iya kai kansa inda take.

A nan ne lissafin yake juyewa. Haɗarin da farantin ke karewa, wato ƙarfe ko dutse daga hanya, tun asali ba na garanti ba ne, na inshora ne, kuma mai cikakkiyar inshora abin da zai rasa shi ne ɗan kason da aka yanka masa da wahalar jira. Haɗarin da farantin ke buɗewa kuwa, wato batir ya mutu a ƙi biya, babu inshorar mota da ke ɗaukarsa, domin inshora ba ta biyan lalacewar da ba hatsari ba. Mutum ya fitar da kuɗinsa ya rage asarar da wani zai biya, ya ƙara wadda shi kaɗai zai biya. Gudun gara, an faɗa gidan zago. Kamfanonin inshora da yawa kuma suna sharɗanta a sanar da su duk wani canji da aka yi wa mota, wanda bai sanar ba yana iya samun gardama ta wannan ɓangaren ma.

Ba ina cewa kada kowa ya ɗaura komai ba ne. Wanda garantinsa ya ƙare, ko ba shi da cikakkiyar inshora, ko kullum a kan duwatsu yake tuƙi, lissafinsa daban ne, kuma faranti mai kyau zai iya tsare masa dukiya. Akwai kuma bambanci mai girma tsakanin faranti biyu da ake kira da suna ɗaya. Motocin lantarki da yawa suna da murfin roba ko na matsattsen zare a ƙasan gaba da baya, wanda aikinsa gyara tafiyar iska ne, kuma yakan yage. Maye gurbinsa da na alminiyam a kan ramukan kusoshin asali, ba tare da taɓa batir ba, ƙaramin abu ne, yana ma kare bututun ruwan sanyaya da ke shiga batir ta gaba, kusan wurin da Tesla ta sa nata garkuwoyin. Farantin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin akwatin kansa shi ne mai jawo magana, musamman a sababbin motoci irin BYD Seal da wasu Tesla Model Y, inda akwatin batir ya zama ɓangare na ƙashin motar, yana ɗaukar nauyi yana shan ƙarfin karo.

Wanda ya yanke shawarar ɗaurawa alhali garanti na aiki, abin da zai tsaya masa ranar gardama takarda ce. In kamfanin motar na sayar da faranti cikin kayan ƙarinsa, wannan ne zaɓi, dila ya ɗaura, a rubuta a rasit. In babu, a nemi amsa a rubuce, daga kamfanin kansa in zai yiwu, domin dilan da ya ce "ba komai" da baki ba shi ne ke amincewa da biyan batir ba. Takardar ta ambaci lambar motar da sunan farantin. A ɗauki hoton ƙasan akwati kafin a rufe shi, a ajiye bayanin kusoshin da aka taɓa da ma'aunin da aka ɗaure su, a riƙa sauke farantin lokaci-lokaci a wanke a duba, musamman bayan duk wani duka mai ƙarfi, don faranti na iya ɓoye lotsawar da ya kamata a gani. A kuma tambayi mai sayarwa abu ɗaya: in kamfanin mota ya ƙi biyan batir saboda farantinka, kai za ka biya? Garantin irin waɗannan kaya yawanci farantin kaɗai ya shafa.

Masu tsara ƙa'ida sun fara mayar da wannan nauyi masana'anta. Ƙasar Sin ta fitar da sabon ma'aunin lafiyar batirin mota, GB 38031-2025, wanda ranar fara aikinsa ita ce 1 ga Yuli, 2026. Cikin abubuwan da ya ƙara har da gwajin duka daga ƙasa: a doki gindin akwatin da ƙarfe mai faɗin milimita 30 da ƙarfin jul 150 (jul ma'aunin ƙarfin duka ne), kuma kada ya yi yoyo, kada ya kama wuta, kada ya fashe. Ma'aunin ya shafi motocin da za a ƙera ne. Miliyoyin da ke kan hanya tun kafin wannan rana za su ci gaba da tafiya da gindin da suka fito da shi, da yawansu kuma da sauran shekaru a garantin batirinsu.